Dosiyen Marigayi

Abin da zan rubuta a nan na ɗauko shi daga wurare uku, kuma gara mai karatu ya san ƙarfin kowannensu tun daga farko. Mafi ƙarfi shi ne kayen aikina, wato littafin rubutu mai shuɗin bango, wanda nake rubuta nauyin dosiyen kowane ma'aikaci, wato wurin ajiyarsa a kwamfuta, a cikinsa duk safiyar Litinin. Yana gabana yanzu. Sai takardar ƙa'ida mai shafi ɗaya da na tsara da kaina, shef, wato shugaban wurin aikinmu, ya sa mata hannu. Kwafinta nake da shi, ta ainihin tana can wurin aikin. Na ukun shi ne abin da na riƙe a ka da abin da aka faɗa mini daga baya, kuma wannan ban amince da shi sosai ba, domin na lura duk sa'ad da na sake ba kaina labarin, laifina yakan ragu kaɗan. Kwanan wata yana cikin kayen, amma ba zan kawo shi ba, haka ma sunaye, saboda yawancin mutanen suna raye. Iyakar abin da zan ce, al'amarin ya faru a shekarata ta farko bayan gama jami'a, tsakanin kaka da faɗuwar damina. Ranar da na goge dosiyen, kaye ya ce Talata ce; a raina kuwa Laraba nake gani. Na bi kayen.

An ɗauke ni sitaj, wato koyon aiki, a wata ƙaramar ƙungiya a Magariya, wadda aikinta sasanta manoma da makiyaya kafin rigima ta yi tsamari: rubuta iyakokin gonaki, bin burtali, tattara shaidar dattawa. Mu goma sha ɗaya ne a buron, wato ofishin. Ordinater, wato kwamfuta, guda huɗu muke karɓa-karɓa, kuma dukansu ajiyarsu tana zuwa ne cikin babbar na'ura guda da ke kusurwar ɗakin sakatare, an ɗora ta bisa bulo biyu don gudun ruwan shara. Diskinta, wato ma'ajiyarta, giga ɗari biyar ne. Kowa yana da dosiyensa a ciki, da kod ɗinsa na shiga. Lokacin da na zo na tarar diskin ya kusa cika, har ta kai mai buga wasiƙu takan gama aikin wuni guda na'ura ta ƙi karɓa. Shef ya kira ni ya ce tunda wannan na karanta, in nemo magani.

Maganin da aka koya mana shi ne kota, wato a yanka wa kowa iyakar wurin da zai iya cikawa, idan ya kai nan na'ura ta tsayar da shi. Na kwashe kwana biyu ina lissafi. Na ba kowane ma'aikaci giga goma sha biyar. Sakatare na ba shi sittin, domin duk takardun da aka ɗauki hotonsu a wurinsa suke. Na ƙara sharaɗi a ƙarshe cewa wanda ya bar aiki za a goge dosiyensa bayan wata uku, a mayar da wurin ga sauran. Na ji daɗin wannan takarda ƙwarai. A ganina a lokacin, ita ce abu na farko mai adalci da ya shiga wannan buro, domin direba da mataimakin shef sun zama ɗaya a cikinta.

Shef ya karanta, ya yaba, sa'an nan ya ɗauki alƙalami ya ƙara kalmomi a gefe da hannunsa: banda shugaba. Ya miƙo mini yana murmushi, ya ce in je in aiwatar. Na karɓa na fita. Dosiyensa shi kaɗai a ranar giga ɗari da casa'in ne. Ban taɓa buɗe shi ba, ina so a san wannan, amma jerin da na'ura take fitarwa yana nuna sunan abu da nauyinsa ko ba ka buɗe ba. Bidiyon bukukuwan buɗe taro ne, wasu kwafi uku-uku, da walimar dawowarsa daga Makka, da wasannin kokawa na shekaru da yawa. Na san haka tun makon farko, na kuma ci gaba da rubuta lambarsa duk Litinin a layi ɗaya da na kowa, tana hawa.

Ma'aikata suka laƙaba mini mai tiya, wai ina aunar musu wuri kamar gero a kasuwa. Wanda ya fara sunan shi ne wakilinmu na karkara, dattijo mai kusan shekara sittin da kowa yake kira Baba. Bai yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, faransancinsa na gaisuwa ne, amma babu rugar da ba a san muryar motonsa, wato babur ɗinsa, ba daga Bande har Mallawa. Yadda yake aiki shi ne, idan za a tabbatar da burtali, yakan tara dattawan manoma da na makiyaya su taka shi da ƙafa tun daga farko har ƙarshe, shi kuma yana binsu da salula yana ɗaukar bidiyo, kowa ya dafa itacen da ya sani ya faɗi abin da ya tarar a wurin iyayensa. Katin salular ƙarami ne. Idan ya dawo sai ya miƙa wa sakatare, wanda abokinsa ne tun ƙuruciya, ya juye masa cikin na'ura, a share katin, ya koma daji.

Kafin wata guda giga goma sha biyar ɗinsa suka cika. Ya same ni ina cin ƙosai a bakin ƙofa, ya zauna kusa da ni ya ɗauki ɗaya ba tare da tambaya ba.

"Mai tiya, tiyarka ta yi mini kaɗan."

Na ce masa ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, idan na ƙara masa sai kowa ya zo.

"Ita mai buga wasiƙa kayanta takarda ne," in ji shi. "Ni kayana mutane ne suna tafiya suna magana. Yaya za ka auna mu da abu ɗaya, ɗana?"

Na ba shi shawara ya riƙa ɗaukar murya kawai, ko ya rage kyan hoton. Ya ce murya ba ta nuna itace, kuma idan hoto ya dushe har ba a bambanta aduwa da gawo, to gara a zauna gida. Na ce ya ga shef. Ya ga shef, shef ya ce wannan maganar masu ilimin na'ura ce, ya dawo wurina. Ya dawo, na maimaita masa abin da na faɗa da farko, da ladabi, har da nuna masa takardar. Ya dubi rubutun hannun da ke gefenta, ya tambaye ni me aka rubuta a nan. Na fassara masa. Ya yi dariya kaɗan ya ce to ashe tiyar tana da wanda take jin tsoro. Daga ranar bai sake roƙona ba.

Cikin sanyi sakatare ya kwanta kwana huɗu ya rasu. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri da hayaniyarmu. Bayan an yi addu'ar uku na kwafe takardun aiki daga dosiyensa zuwa wani sabo, na bar nasa yadda yake, giga ashirin da biyu. Abin da ya kamata in yi nan take shi ne in rufe kod ɗinsa. Na tambayi shef, ya ce a bari arba'in ta wuce. Arba'in ta wuce ban rufe ba, kuma ba mantuwa na yi ba, nauyi na ji. Babban ɗan marigayin yana aiki a Aljeriya, iyalin suka ce ba za a raba gado ba sai ya dawo. Saboda haka kujerarsa tana nan ba mai zama, butarsa tana ƙarƙashin tebur, tabaransa yana cikin aljihun tebur, motonsa yana tsakar gidan buro an lulluɓe shi da tampol. Mai shara takan goge teburin ta mayar da kofin shayinsa daidai inda ta ɗauke shi. A cikin irin wannan ɗaki, in zauna in cire sunansa daga na'ura sai na ga kamar rashin kunya ne daga yaron da bai cika wata biyar da zuwa ba.

A nan ne maganar burtalin ta shigo. A wani ƙauye na yankin Mallawa akwai tafki da shanun wata ruga suke sha tun kakanni. Mutanen rugar ba masu yawo ba ne, suna da gonakinsu na gero da wake, shanun kuma suna kwana kusa da gida. Hanyar da shanun suke bi zuwa tafkin gonaki sun yi ta cinta shekara da shekaru har ta zama saniya biyu ba sa jerawa, kuma duk damina sai an yi ɓarna an yi faɗa. Ardon rugar ya kawo kuka wurinmu. Baba ya je sau uku cikin bazara. A zuwa na ƙarshe ya samu abin da ba a cika samu ba. Mai gonar da ta fi cin hanyar, tsoho ne ƙwarai kuma ba shi da lafiya, ya yarda aka ɗora shi a amalanke aka bi burtalin da shi, ya dafa wata aduwa da ke can cikin gonarsa ya ce a gaban mutane, nan ne iyaka a zamanin mahaifinsa, shi ne ya matsa, kuma ba ya so ya tafi da wannan a wuyansa. Ardo ya so a kai tsohon gaban mai gari a ranar ya maimaita a rubuta. Baba ya hana. Ya ce tsohon ya gaji, rana ta yi zafi, kada a wahalar da shi, magana ta riga ta shiga na'ura kuma ba ta fita. Bayan mako biyu tsohon ya rasu. Aka sa ranar zama a gidan mai gari kafin ruwan farko.

Duk wannan daga baya na ji shi. A lokacin abin da na sani kawai shi ne diski ya sake cika, kuma shef yana da baƙi da za su zo ganin aikinmu, yana son wuri don sababbin bidiyo. Ya tambaye ni ina za a samu. Na duba takardata na ga wata uku sun cika da rasuwar sakatare har da kwanaki. Na buga sanarwa da faransanci na manna a allo cewa za a goge dosiyen bayan mako guda, wanda yake da magana ya same ni. Baba yana wajen Bande duk wannan makon, kuma ko yana nan ba zai karanta ba. Ban yi tunanin kiransa ba, domin a lissafina ba shi da alaƙa da wannan dosiye. Ba wanda ya zo. Ranar Talata da hantsi na goge. Na'ura ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Akwai ƙaramin diski da nake ajiye kwafin aiki a kansa duk Juma'a, amma takardu kawai nake sawa, bidiyo ba ya shiga saboda nauyi; wannan ma ni na tsara shi haka. Da la'asar shef ya juye nasa cikin wurin da aka samu, ya leƙo ya ce madalla da anjeniya.

Saura kwana biyar a yi zaman, Baba ya shigo da safe riƙe da sabon kle, ɗan abin da ake kwafo bayanai daga na'ura a kansa, a cikin ledarsa. Ya zauna gaban ordinater, na ji yana danna maɓallai a hankali da yatsa ɗaya, ya tsaya, ya sake. Sa'an nan ya kira ni.

"Ɗana, zo ka gani. Ƙofar abokina ta ƙi buɗuwa."

Na ce wace ƙofa. Ya nuna mini sunan marigayin da ya rubuta, da kod ɗin, wanda lambar moton marigayin ce. Ashe tun yana raye ya koya masa yadda ake juyewa, don ranar da ba ya nan. Da tiyar da na aunar wa Baba ta cika, kuma abokin ya rasu, sai Baba ya ci gaba da zuba bidiyonsa a can, yana share katin bayan kowace juyewa kamar yadda suka saba. Na gaya masa an goge dosiyen kwana tara da suka wuce. Bai gane ba da farko, ya ɗauka na mayar da shi wani wuri ne, ya ce to in nuna masa inda na kai. Na ce ba a kai shi ko'ina ba.

Ya dube ni. Sa'an nan ya juya ya dubi kujerar da ba mai zama, da butar, ya dawo da idonsa kaina.

"An raba gadon ne ban ji ba?"

Na ce ba a raba ba.

"To wa ya ba ka kayan mamaci?"

Na fara yi masa bayanin sharaɗin wata uku, da sanarwar da ke allo. Ina jin muryata tana fita daidai, kalma bayan kalma, kamar ina amsa jarrabawa. Ya bar ni na gama. Ya ce shi duk buron nan bai ga wurin da ya fi wannan aminci ba. Dosiyen mai rai, mai shi zai iya sharewa, ko ni in ce ya cika. Amma na wanda ya mutu, wanda ko kofinsa ba a iya matsarwa, wa zai taɓa? Ya ce bai gaya mini ba ne don ya san zan ce ƙa'ida ta hana. Wannan gaskiya ne, da na ce haka.

Na kashe na'urar a take, ba tare da neman izini ba, na kwashe kwana uku ina neman abin da ya saura. Abin da aka goge a diski yakan zauna a wurinsa har sai an rubuta wani abu a kai, kuma an riga an rubuta. Buro ya tsaya cik, shef yana shiga yana fita yana tambayar yaushe za a kunna. Abin da na tono gutsattsari ne, mafi yawa ba sa buɗuwa. Waɗanda suka buɗe, rabi jawabin maraba da baƙi ne da tafi. Guda ɗaya kawai na samu daga ranar amalanken, daƙiƙa goma sha ɗaya, babu sauti. Ana ganin tsohon a zaune bisa tabarma cikin amalanke, bakinsa yana motsi, ya ɗaga hannun dama yana nuna wani abu da bai shiga hoton ba.

Na roƙi Baba ya tafi da ni zaman. Ya ce ba dole ba ne, na ce ina so. Ya goya ni a moto, yana amsa gaisuwar mutane a hanya. An zauna da hantsi a ƙofar gidan mai gari, manoma a gefe, mutanen rugar a gefe. Ƴaƴan tsohon su uku suka ce ba su san mahaifinsu ya faɗi wani abu ba, kuma ko ya faɗa, ciwo ya riga ya taɓa hankalinsa. Amma tunda an ce akwai hoto mai magana, a nuna. Waɗanda suka halarci ranar amalanken daga ɓangaren manoma, biyu ba su zo ba, ɗaya ya ce yana baya bai ji sosai ba. Shaidar mutanen rugar kuwa aka ce su ne masu ƙara. Sai aka juyo ga Baba. Ya ce abin ya ɓace a hannunsa. Bai dube ni ba, bai ambaci buro ba. Ni na miƙe na ce akwai saura kaɗan, na miƙa salulata, ta zaga hannu zuwa hannu. Da ta isa ga babban ɗan, ya kalla sau biyu, ya ce Allah sarki, ga baba yana nuna musu gonarsa. Wasu suka yi dariya. Mai gari ya ce shi ba zai iya tayar da shuka bisa hannun da aka ɗaga ba, burtali ya tsaya inda yake.

Da aka watse ardo ya zo inda muke kwance moto. Dogo ne, mai magana a hankali. Bai gaishe ni ba, ban kuma ga laifinsa ba. Ya ce wa Baba: "Malam, ran nan na ce a kai shi gaban mai gari, ka ce magana tana cikin na'ura." Baba ya ce haka ne, shi ya faɗa. Ardo ya gyara sandarsa a kafaɗa ya tafi.

Abin da ya biyo baya na ji shi ne daga bakin mutane, don haka a ɗauke shi da wannan sharaɗi. An ce a daminar nan rugar ta raba garkenta, samari suka kora mafi yawa zuwa wajen dangi kusa da iyaka, aka bar ƴan shanun tatsa da ake ɗebo wa ruwa a jarka. An ce kuma a ƙauyukan yankin magana ta bazu cewa Baba sayar da bidiyon ya yi ga ƴaƴan tsohon. Wannan na biyun na tabbatar da shi, domin na ji shi da kunnena a tasha daga bakin wani ɗan kabu-kabu da bai san ko ni wane ne ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ana shimfiɗa masa tabarma a kowace ruga, ya zama idan ya tsaya da moto sai a ce masa maigidan ba ya nan. Shef ya daina tura shi Mallawa.

A rahoton da shef ya aika wa masu tallafa mana, an rubuta cewa matsalar na'ura ce ta jawo asarar wasu bayanai, saboda ƙarancin wurin ajiya. Na same shi na ce ba na'ura ba ce, ni ne, kuma ina so a rubuta yadda abin ya faru, har da dalilin da ya sa Baba ya rasa wuri. Ya ce in zauna. Ya ce ni yaro ne mai gaskiya kuma yana son haka, amma rahoto ba wurin tuba ba ne, kuma wa zai amfana idan aka ɓata takardar sitaj ɗina. Na zauna, na kuma bar rahoton yadda yake, kamar ranar da ya ƙara kalmominsa a gefen takardata. Da wannan rahoton aka samo mana sabon diski mai ninkin tsohon sau huɗu. Aka ƙara wa kowa zuwa giga talatin. Na shef ya ci gaba ba iyaka. Takardar shaidar da aka ba ni a ƙarshe ta yaba tsarina da kiyaye ƙa'ida, kuma da ita na samu aikin da nake yi yanzu.

Ɗan marigayi sakatare ya dawo daga Aljeriya bayan sallar layya, aka raba gado. Ya zo ya ɗauki moto da buta da tabarau. Kafin ya fita ya tambaya ko mahaifinsa ya bar hotuna a na'ura, domin ya taɓa gaya masa a waya cewa hotunan mahaifiyarsu, wadda ta riga shi rasuwa, a nan yake ajiye su don kada salula ta ɓata. Aka nuna masa ni. Na ce babu. Ya yi godiya ya tafi. Har ranar ina riƙe da cewa Baba ya yi kuskuren ɗaukar dosiye kamar akwati. Takardun aiki kawai na kwafe. Sauran giga ashirin da biyun ban taɓa tambayar na wane ne ba.

Kafin in bar Magariya na je gidan Baba da yamma. Ya sa aka kawo fura, ya tambayi iyayena, ya tsokane ni da cewa an ce tiyata ta girma. Na ce na zo neman gafara, kuma ina so in je Mallawa in faɗa wa ardo gaskiya. Ya ce gafara ya yi tun tuni. Zuwa kuwa, in na so in je, amma ba zai mayar da aduwar bakin hanya ba, kuma su ba ni suka ba amana ba, shi suka ba. Ban je ba. Na gaya wa kaina maganarsa ce ta hana ni.

Da na tashi tafiya ya rako ni zaure. A nan ya yi mini tambaya ɗaya, ba da faɗa ba, kamar mai son ya fahimci yadda na'ura take aiki.

"Ɗana, kai da kake auna mu duk Litinin, ba ka ga na abokina yana ƙaruwa ba?"

Na ce ban gani ba. Ya ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Da na isa ɗakina na buɗe kayen. Layin marigayin yana nan a kowane shafi, na huɗu daga sama, da rubutuna. Ashirin da biyu, mako bayan mako, har tsakiyar bazara. Sa'an nan talatin da ɗaya. Talatin da ɗaya kuma. Arba'in da huɗu. Litinin ta ƙarshe, kwana ɗaya kafin in goge, hamsin da takwas. Dosiyen wanda aka binne wata uku da suka wuce ya kusa ninka kansa sau uku, ni kuma na kwafi lambobin daga na'ura zuwa takarda da hannuna, ba kuskure ko ɗaya. Mai yiwuwa ne mutum ya kwafi lamba goma sha ɗaya duk mako ba tare da ya karanta su ba. Na san haka yana faruwa, kuma na daɗe ina jingina da shi.

Sai dai a ƙarƙashin hamsin da takwas ɗin akwai layi da aka ja, gajere, da baƙin alƙalami irin wanda na rubuta lambar da shi. Babu irinsa a ko'ina cikin kayen, na duba shafi-shafi. Ba wanda yake taɓa kayen sai ni. A kwanaki ukun da na yi ina tono diski na buɗe shi sau da yawa ina neman girman abin da ya ɓace, kuma zai yiwu a nan na ja layin, cikin ruɗewa, na manta. Zai kuma yiwu na ja shi ne a safiyar Litinin ɗin, na ga abin da ya kamata in gani, na tuna shef yana jiran wuri, na rufe kayen. Na gwada tawadar a hasken rana, na kwatanta ta da rubutun makon da ya gabata da na wanda ya biyo baya. Alƙalami ɗaya ne duk watan. Na ce wa Baba ban gani ba, kuma a lokacin da na faɗa na yarda da abin da na faɗa.

Abin da ban sani ba har yau shi ne wannan: layin nan, kafin in goge dosiyen na ja shi, ko bayan na goge?